Shida a Littafi, Bakwai a Wurin Inna

Ni ma'aikaciyar laburare ce. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a ɗakin da ake yi wa littattafai rajista a Samaru, ina liƙa lamba a bayan littafi, ina rubuta sunan marubuci a inda ya kamata. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ni mai ƙin doka ce. Littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba ya ɓata, ko da yana cikin ginin, kuma na sha sa sababbin ma'aikata gumi a kan waƙafi ɗaya. Amma akwai wata doka da na taka da gangan, idona biyu, aka kore ni daga zauren danginmu saboda ita, har yau kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Zauren na imel ne. Baffa ne ya buɗe shi bayan ya yi ritaya daga koyarwa. Shi da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ne babba a gidan. Niyyarsa mai kyau ce. Yana so a tattara salsalar zuri'ar kakan kakanmu, malamin da ya zauna a unguwar Jushi a Zariya, wanda 'ya'yansa da jikokinsa suka shiga aikin jirgin ƙasa suka bazu, a buga ta littafi, a karanta a taron zumunci bayan babbar salla. Kowa ya aika saƙo zuwa adireshi ɗaya sai ya isa ga kowa, na Kano da na Legas da waɗanda ke can ƙasashen sanyi.

Watan farko abin kasuwa ya zama. Wani zai rubuta "Allah ya jiƙan kaka", sai mutum arba'in su amsa da "amin", kowanne ya jawo saƙon wanda ya riga shi a ƙarƙashin nasa, sai ka yi ta gangarawa kana neman magana ka tarar babu. Ranar Juma'a kuwa ba a cewa komai, gaisuwa ce da hotunan furanni. Wata 'yar uwarmu har atamfa ta taɓa tallatawa. Na fi kowa ƙorafi, saboda haka ranar da Baffa ya fito da dokoki ni ce ta farko da ta yaba masa.

Ya kwaso su ne daga zaurukan masu bin asali na ƙasashen Turawa da ya daɗe yana ciki. Mutum ɗaya a saƙo ɗaya. Kada a maƙala hoto sai an nemi izini. In za ka amsa wa wani, ka yanke tsohon saƙon ka bar layin da kake amsawa kawai. Ba a "amin" a zaure, mai addu'a ya yi ta a kan sallayarsa. Duk abin da ka faɗa ka kawo madogara, ko takarda ko dattijon da ya gaya maka. Babbar cikinsu ita ce ta take: a saman kowane saƙo a rubuta sunan yanka na wanda ake magana a kansa da manyan baƙaƙe, da sunan ubansa, da unguwa. Laƙabi ba ya shiga. Kuma kowane saƙo sai ya bi ta hannun Baffa kafin wani ya gani.

Ba zan tauye wa dokar take haƙƙinta ba, ta yi aiki. Rabin mamatanmu da laƙabi muka san su. Sai ga mutane suna tono tsofaffin takardu daga ƙasan adaka, suna gano cewa tsohon da muka tashi muna kira da sunan sana'arsa ashe yana da suna kamar kowa. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai ranar da Baffa ya turo daftarin reshen mahaifina don mu duba. Ina ofis, ina ɓare gyaɗa a ɓoye don an hana ci a wurin. Layin farko ya ce: ya haifi shida. Sunan Yaya, babban wanmu, a sama, nawa na huɗu. Na karanta sau biyu, na ajiye gyaɗar. Mu bakwai ne.

Akwai wadda ta riga Yaya. An haife ta a Jushi, a gidan iyayen Inna, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta yi shekara ɗaya da watanni a duniya, baƙon dauro ya ɗauke ta. A lokacin iyayena suna haya a wani gida a Sabon Gari kusa da tasha. Babu hotonta, babu takardar haihuwa. Inna, wato mahaifiyata, in ta kama dole ta ambace ta sai ta ce "ta Jushi", ta yi maza ta sako wata maganar. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta, mutuwa kuma ba ta ɗage wannan kunyar ba, nauyi ta ƙara mata. Mahaifina ma bai taɓa faɗa ba har ya koma ga Allah. Goggonnin da suka je sunan duk sun rasu. A iya sanina a lokacin, mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san sunan, kuma ita ce wadda ba za ta faɗa ba.

Na rubuta saƙo. A take na sa 'YAR FARI, da sunan mahaifina, da Jushi. A wajen madogara na rubuta abin da duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya sani: Inna tana ƙwala wa Yaya kira da sunansa na yanka tun daga ɗaki har ƙofar gida, a gaban baƙi, ko a jikinta. Wace uwa ce a Zariya, sa'ar Inna, za ta yi wa ɗan fari haka? Ni a wurina wannan ya fi kowace takarda ƙarfi, don takarda ana iya ƙirƙirarta.

Washegari saƙona ya dawo. Baffa yana da wata jimla da yake liƙa wa kowa, babba da yaro. "An dawo da saƙonki saboda babu suna a take. A gyara a sake turowa. Na gode da haɗin kai." Wannan "na gode da haɗin kai" ita ta fi ƙona mini rai. Da na tashi aiki sai na wuce gidansa kai tsaye, ba shi da nisa da ofishinmu.

Na same shi a baranda, kwamfuta a kan cinya, tabarau a kan hanci. Na durƙusa na gaishe shi, muka gama tambayar iyali.

"Baffa, kun ga saƙona?"

"Na gani, 'yata. Babu suna."

"Ai shi ne maganar. Inna ba za ta faɗa ba."

"To me zan rubuta? In bar fili?"

"Ku rubuta 'yar fari. Ku rubuta bakwai."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke da kike aikin laburare, za ki yi wa littafi rajista babu suna?"

"Muna yi, Baffa. Akwai yadda ake rubuta littafin da ba a san marubucinsa ba. Ba ma jefar da shi."

Bai ji daɗin amsar ba, don Baffa ya saba shi ke tambaya a aji. Ya ce shi bai musa an haife ta ba. Yana makarantar kwana lokacin, ya zo hutu ya tarar ana karɓar gaisuwa, ya tuna wannan. "Amma in na buɗe ƙofan nan," in ji shi, "gobe wani zai kawo mini wanda bai kai suna ba, jibi wani ya kawo ɓari. Kuma yarinya ne, ba ta bar baya ba. Babu reshen da ya tsinke."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, don ba na gaya wa babba ba ne. Shi kuwa ya ɗauka na sauko, sai ya ba ni shawara. Ya ce in zauna da Inna in riƙa jero sunayen mata, in an zo kan na gaskiya ai fuskarta za ta nuna, ita ba ta faɗa ba, mu kuma mun samu.

Abin kunyar shi ne na gwada. Ranar Asabar na je gidanmu na Jushi, inda Inna take zaune tare da iyalin Yaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna na sa hannu, na ce wata abokiyar aikina ta haihu, ana neman suna mai daɗi irin na da. Na kira ɗaya, ta ce ba laifi. Na kira na biyu, ta ce wannan ya yi yawa a gari. Ina kira ina satar kallon fuskarta kamar mai gadin tukunya. Da na kira na huɗu sai hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Ke, raɗin suna kika zo yi mini?"

Na ce a'a.

"Shi ya aiko ki, ko?"

Na ajiye waken da ke hannuna. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna ni kaɗai kaji suna tsattsagar ƙaiƙayi a gabana, ina jin haushin Baffa, ina jin haushin kaina fiye da nasa. Mace mai 'ya'ya uku na zo na ɗana wa uwata tarko a kan gawar 'yarta don in cika layi ɗaya a kwamfuta.

Na haƙura da sunan, na koma neman shaida. Doka ta ce dattijo mai rai madogara ne, na ce ko Baffa zai sassauta in na kawo wanda ya ga yarinyar da idonsa. Yaya ne ya tuna mini da wata tela da suka yi zaman haya da iyayenmu, 'yar kudu, wadda mijinta kafinta ne a wajen aikin jirgi. Mama kowa ke ce mata. Ya ce tana nan a bayan kasuwar Sabon Gari, kusa da cocinsu, 'yarta ce ke riƙe da shagon yanzu.

Na bi ta unguwar PZ, na yi tambaya sau uku kafin na samu. Tana zaune a kan benci a ƙofar shago, ta tsufa tukuf, keken ɗinki yana ta ƙara a bayanta. Kafin in gama gabatar da kaina ta kama hannuna ta ce goshin babana ne a fuskata. Hausarta ta Sabon Gari ce, namiji da mace duk ɗaya.

"Mamanka yana lafiya? Wannan mata, kunya kamar me."

Na ce lafiya lau. Na tambaye ta ko ta tuna iyayena sun taɓa yin 'ya kafin Yaya.

"Pikin ɗin nan? Ni na ɗinka mishi rigan salla. Fari, da ɗan ja a wuya. In mamanka yana girki a bayana yake barci."

Ban zo don suna ba, amma bakina ya riga ni. "Mama, kin tuna sunanta?"

"Kaina ya manta. Bari a duba littafi."

Ashe Mama ba ta taɓa zubar da littafin awo ba. Suna nan jibge a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin yanka, littattafan 'yan makaranta masu layi, bangonsu ya yi laushi. 'Yarta ta jawo akwatin tana gunaguni, ta ce shekara nawa tana son ƙona tarkacen nan tsohuwa ta hana. Mun fi awa muna buɗawa. Mama ba ta gani sosai, amma ta san kowane littafi da bangonsa. Muna cikin nema take ba ni labari.

"Na tambayi mamanka suna, ya rufe fuska da gyale yana dariya. Na tambayi babanka, shi ma ya kalli ƙasa. Na ce to yaya zan san rigan wa ne? Sai ya karɓi fensir ya rubuta da kanshi."

Tun kafin in karanta na gane shafin. Duk sauran rubutun Mama ne, manya manya a tsaye. Wannan layin kaɗai ya kwanta gefe, irin rubutun da ke ƙasan takardun sakamakonmu na firamare. Hannun mahaifina ne. Ga sunan, ƙarƙashinsa kuma awo: tsawo, ƙirji, kafaɗa, hannu. Na karɓi tef daga wuyan 'yar Mama na auna lambar kafaɗar a tafin hannuna, ba ta kai daga babban yatsa zuwa ƙarami ba. Kuka na yi a shagon mutane, ba na ɓoyewa. Mama ta bar ni na gama, sannan ta ce in ɗauki hoton shafin da waya, amma littafinta ba ya fita.

Yanzu komai ya cika. Sunan yanka, sunan uba, unguwa, takarda da rubutun uban da kansa, ga shaida mai rai. Duk zauren babu wanda ya taɓa kawo madogara irin wannan. A cikin mota na gama tsara taken a kaina da manyan baƙaƙe, ina hango fuskar Baffa, har ina murmushi ni kaɗai. Amma bayan abin da na yi ranar wake na ci alwashin ba zan sake yin komai a bayan idon Inna ba, sai na sauka a Jushi.

Tana ɗaki ta idar da la'asar. Na zauna a bakin gado.

"Inna, daga wurin Mama tela nake."

"Tana nan da rai?"

"Tana nan, tana gaishe ki. Ta nuna mini littafin awo."

Ta daɗe tana jan carbi. "Hannunshi ne?"

"Hannunsa ne."

Ba ta ce in nuna mata ba. Ta ce, "Rigan ya yi mata yawa. Na ce a bari, za ta girma ta cike shi." Sannan ta tambaye ni, "Littafin nan na su Baffanku, karantawa za a yi?"

"Da lasifika, a taron salla. Kowane gida za a karanta."

"To ranan ki gaya mini in an kusa zuwa kanmu, in shiga ciki."

Babu fushi a muryarta, kamar mai cewa a tuna mata lokacin shan magani. Ta ce ba za ta iya zama a kira wannan sunan a gaban surukai da 'ya'ya da jikoki, kowa ya juyo yana kallonta ba. Ta ce in ana so a rubuta a rubuta, ita ba ta hana ba.

A nan ne raina ya ɓaci sosai, ɓacin da ba ya sa ihu. In na bi doka, 'yar ta shiga littafi uwar ta fita daga taro. Rana ɗaya a shekara hamsin da za a ambaci yarinyar nan a bainar jama'a, uwarta tana ɗaki ta ja labule. In kuma na ƙi, an shafe ta kamar ba a yi ta ba. Don me za a sa mu zaɓa? Don wata ƙa'ida da aka kwaso daga mutanen da ke kiran ɗan farinsu da suna tun daga karin kumallo. Su dokar ta yi musu daidai, a kan jikinsu aka auna ta. Mu kuma aka ce mu matse mu shiga.

Na koma wurin Baffa na gaya masa gaskiya. Na ce na samo sunan, da rubutun ɗan uwansa, kuma ba zan bayar ba. Na faɗa masa dalili. Da farko ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya sha mur.

"Wato kina da shi kika hana? Wannan ai ya fi rashin sani muni."

"Ku rubuta bakwai, Baffa. Ni zan tsaya a matsayin madogara."

"In na karya maki, na karya wa kowa."

"To ku karya wa kowa. Kun san gidaje nawa ke da irinta?"

Ya mayar da tabarau ya dubi kwamfutarsa, alamar an tashi aji.

Daga nan duk ranar Litinin, kafin in taɓa littafin kowa a ofis, sai in tura saƙon nan da takensa na farko. Duk ranar Talata ya dawo, da godiyar haɗin kai a ƙarshensa. Mun yi wata biyu a haka, ni da tsoho, babu wanda ya gaji. Ina zuwa gaishe shi kamar kullum, matarsa ta ba ni kunu in sha, ba wanda ke ɗaga maganar.

Da na ji an kusa kai littafi wurin bugawa sai na yi abin da ya fi komai muni a dokokin zaure. Na bi tsofaffin saƙonni na tsinto adireshin kowa ɗaya bayan ɗaya, na aika musu kai tsaye ba tare da bi ta hannun Baffa ba. Wajen take na bar shi fayau. Na rubuta: "Mahaifina ya haifi bakwai. Ta farko mace ce, an haife ta a Jushi, ta rasu kafin yaye. Sunanta yana wurina da rubutun ubanta. Ba zan saka shi ba, domin uwarta tana da rai kuma ina so ta zauna a wurin taro. Mai neman madogara ya je ya saurari yadda Inna take kiran Yaya."

Mutum tara suka amsa da "amin". Wani ɗan uwanmu na Legas, wanda ko hanyar Jushi ba zai gane ba, ya rubuto mini shafi guda a kan muhimmancin tsari. Kafin azahar sanarwa ta fito cewa an cire ni daga zaure har sai na nemi afuwa a rubuce.

Yaya ya zo har ofis. Ya ce in dubi girman Allah in ba Baffa haƙuri, ubanmu ne. Na ce na sani, zan durƙusa masa, zan kai masa naman salla da hannuna, amma haƙurin me zan bayar? In rubuta cewa na yi kuskure da na ƙirga 'ya'yan ubana daidai? Ya ce ni dai da taurin kai aka haife ni. Na ce ai shi ya kamata ya fi ni tsayawa, shi da ya shekara hamsin yana zaune a kujerar wata. Ya yi dariya ba don yana so ba, ya tafi.

Littafi ya fito, mai koren bango, kuma ba zan yi ƙarya ba, aiki ne mai kyau. A shafinmu an rubuta shida. Nan na yi ragwanta. Na gaya wa Inna ba za a kira sunan ba, ta zauna abinta, amma ban gaya mata abin da aka rubuta ba. Na kasa.

An yi taron kwana uku bayan salla, da hantsi, a ƙofar babban gida a Jushi. An kafa rumfa biyu, maza a kan kujeru, mata a kan tabarmi daga gefe. Inna ta sa sabon mayafi, ta zauna a gaba cikin tsofaffi, ni ina bayanta. Baffa ya miƙe da littafi a hannu ɗaya, lasifika a ɗayan, yana karanta gida gida. In ya gama gida a yi wa mamatansa addu'a, a shafa, ya wuce. Wajen awa guda aka yi kafin a zo kanmu. Ya kira sunan mahaifina, ya faɗi aikinsa na jirgin ƙasa da tashoshin da ya zauna, sannan ya ce, "Ya haifi shida."

"Bakwai."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma Inna ba ta taɓa magana a taron maza ba, sai muryar ta zama baƙuwa, duk na kusa suka ji. Tsohuwar da ke gefenta ta taɓa mata gwiwa. Baffa ya sauke lasifika.

"Na'am?"

"Bakwai ne," in ji Inna, idonta a kan tabarma. "Ni na haife su."

Baffa ya ɗaga kai ya nemo ni a cikin mata. Na san abin da idonsa ke tambaya, wayar mai hoton shafin tana cikin jakata a kan cinyata. Na dube shi ban ƙifta ba, ban kuma buɗe jakar ba.

Ya mayar da lasifika bakinsa. Ya ce, "Ya haifi bakwai." Sai ya ɗan tsaya. Ban sani ba ko layi ne ya ɓace masa ko wurin sunanta ya bari, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sannan ya kira sunan Yaya, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har auta, aka ɗaga hannu aka yi addu'a.

Bai mayar da ni zaure ba, ni ma ban nema ba, littafin kuma har gobe shida yake cewa. Amma Inna ba ta tashi ba. Ta shafa addu'ar da hannu biyu, ta gyara mayafinta, ta zauna a wurin har aka karanta gida na ƙarshe.